Canza Fad da Faifan Birkin Mota a Gida: Abin da Zai Yiwu da Inda Haɗarin Yake

Tsadar rayuwa ta sa masu motoci da dama sun fara tunanin yin wasu gyare-gyare da hannunsu, kuma gyaran birki yana cikin waɗanda aka fi muhawara a kansu. Wasu na ganin birki rai ne, don haka bai kamata wanda ba bakanike ba ya kusance shi. Wasu kuma na cewa aikin bai wuce kwance ƙusoshi biyu a mayar ba. A tsakaninsu akwai mai motar da ya je gareji don a canza masa fad, aka ce masa faifan ma ya mutu, ya biya kuɗi ya tafi bai san ko gaskiya aka faɗa masa ba.

Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Aikin ba shi da sarƙaƙiya, amma ba ya yafe sakaci. Abin da ke raba ingantaccen gyaran birki da gyaran gangar auzinawa shi ne awo da nagartar kaya da bin ƙa'ida, ko a gida aka yi ko a gareji.

Ma'anar kalmomin da ake amfani da su

Faifan birki, wanda makanikai ke kira diski, a Amurka kuma ake ce masa rota, zagayayyen ƙarfen zubi ne da ke zaune a kan hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a jikinta. Yana juyawa tare da taya. Na gaba galibi fuska biyu ne da ramuka a tsakaninsu, domin iska ta riƙa ratsawa tana sanyaya shi.

Fad ɗan allon ƙarfe ne da aka liƙa wa wani haɗi mai kaushi a fuska ɗaya. Wannan haɗin ne ke gugar faifai, shi ne kuma ke cinyewa. Kowace taya tana da fad biyu, na ciki da na waje, shi ya sa ake sayar da su huɗu a kwali, na tayoyi biyu ke nan.

Kalifa shi ne gidan ƙarfen da ya rungumi faifan, yana riƙe da fad ɗin. A cikinsa akwai fistin, wato wani ƙarfe mai siffar kofi da ke fitowa idan mai ya turo shi. A yawancin ƙananan motoci fistin ɗaya ne a ɓangaren ciki, kalifan kuma yana zamewa a kan fil guda biyu masu giris domin ya jawo fad na waje shi ma ya matse. Filolin suna zaune ne a jikin birakit, wato ƙarfen da ke ɗaure kalifa da ƙafar mota.

Man birki shi ne ruwan da ke kai saƙo daga ƙafar direba zuwa tayoyi. Idan aka taka birki, masta, wato famfon da ke bayan feda, zai tura man ta cikin bututun ƙarfe da tiyon roba, fistin ya fito, fad biyu su matse faifai kamar yadda robar birkin keke ke matse bakin wili.

Akwai kuma birkin dirom, inda wasu lanƙwasassun ƙarafa da ake kira shu ke buɗewa su goga cikin wata gangar ƙarfe. Tsarinsa daban ne, aikinsa ma daban, kuma har yanzu ana samunsa a tayoyin baya na motoci da yawa, ciki har da wasu samfuran Toyota Corolla.

Asalin wannan tsari

A shekarar 1902 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Frederick Lanchester ya yi rajistar birkin faifai, a shekarar da Louis Renault na Faransa ya fito da nasa birkin dirom. Dirom ne ya mamaye kasuwa na kusan rabin ƙarni. Al'amarin ya juya ne bayan motar Jaguar mai birkin faifai na kamfanin Dunlop ta lashe tseren Le Mans a 1953, sannan Citroën DS ta shigo kasuwa da shi a 1955. Dalilin nasararsa shi ne a buɗe yake, iska na kaɗa shi, zafi ba ya taruwa kamar yadda yake taruwa a cikin dirom. A yau da wuya a sami ƙaramar mota da ba faifai ne a gabanta ba.

Al'adar yin wannan gyara a gida ta fi ƙarfi a Amurka da Turai, inda gareji ke lissafin kuɗin aiki da sa'a, har yakan kai ko ya zarce kuɗin kayan. A ƙasar Hausa lissafin ya sha bamban, domin kuɗin hannun bakanike a aikin fad galibi bai kai kuɗin kaya ba. Abin da ya fi tura mai mota a nan shi ne rashin tabbas kan kayan da aka sa masa, ko nisan ƙwararren bakanike daga inda yake. Ya kamata a riƙe wannan bambanci, saboda rarar da Ba'amurke ke samu idan ya yi aikin da kansa ba lallai ne mutumin Kano ko Maraɗi ya same ta ba, musamman idan sai ya sayi kayan aiki tukuna.

Me ke cinye birki?

Aikin birki shi ne mayar da ƙarfin gudu zafi. Mota mai nauyin kilogiram 1,500 da ke gudun kilomita 100 a sa'a, idan aka tsayar da ita cak, zafin da zai shiga birkinta cikin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ya tafasa kusan lita biyu na ruwa. Idan aka ninka gudu sau biyu, zafin yana ninkuwa sau huɗu. Kuma da yake nauyin mota yana zubewa gaba a lokacin tsayawa, birkin gaba ne ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Shi ya sa yake riga na baya ƙarewa.

Saboda haka babu adadin kilomita guda da za a yanke wa kowace mota. Wanda ke fama da cunkoson cikin gari, tsaya-tafi tsaya-tafi, zai riga mai tafiyar dogon zango cinye fad. Lodi fiye da ƙima yana ƙara zafi. Doguwar gangara irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos tana gasa birki idan direba ya ɗora ƙafa a kai bai sauko da giya ba. Ƙurar hunturu da yashi suna shiga tsakanin fad da faifai su yi ta kankara, ruwan damina da taɓo kuma suna kawo tsatsa a fil da fistin. Idan fil ya cije, fad ɗaya zai riƙa gogawa ko ba a taka birki ba, ya ƙare alhali ɗan'uwansa yana nan da kaurinsa.

Alamomi da awo

Ƙara mai tsini idan aka taka birki sau da yawa tana fitowa ne daga wani ɗan harshen ƙarfe da aka sa a jikin fad da gangan, domin ya taɓa faifai ya yi gargaɗi idan fad ya kusa ƙarewa. Wasu motocin, irin su Mercedes-Benz da BMW, waya ce a jikin fad ɗin da ke kunna fitila a gaban direba. Idan ƙarar ta koma gurnanin ƙarfe a kan ƙarfe, to haɗin ya ƙare ƙarƙaf, allon fad ne ke cin faifai, kuma kowace tafiya ƙarin asara ce da ƙarin haɗari.

Akwai alamomin da canza fad ba zai magance su ba. Idan feda ya yi laushi ko yana nutsewa a hankali, matsalar iska ce a bututu, ko yoyon mai, ko masta. Idan mota na fizga gefe guda a lokacin birki, akwai yiwuwar kalifa ɗaya ya cije ko tiyo ya toshe.

Kunne yana ba da labari ne kawai, awo ke yanke hukunci. Sabon fad yana da kaurin haɗi na milimita 10 zuwa 12, kuma shawarar da aka fi bayarwa ita ce a canza shi idan ya sauko kusan milimita 3. Shi kuwa faifai, kamfanin da ya ƙera shi yakan buga mafi ƙarancin kaurinsa a jikinsa, a bakin gefe ko a kan tudun tsakiya, sau da yawa da haruffan MIN TH sai lamba. Tazarar da ke tsakanin sabon faifai da wannan iyaka ƙarama ce, galibi milimita 2 zuwa 3 ce kawai. Ido ba ya iya tantance wannan. Ana aunawa da maikiromita, wato ma'aunin kauri mai matuƙar daidaito, a wurare da yawa a zagayen faifan, a inda fad ke gogawa, ba a kan leɓen da ya rage a baki ba.

Saɓani na farko: dole ne a canza faifai tare da fad?

Masu cewa dole ne suna kafa hujja da cewa sabon fad ya fi kamawa a kan sabuwar fuska mai santsi, kuma faifan motocin zamani ba shi da kaurin da zai jure zagaye da yawa. Akwai gareji da yawa a ƙasashen waje da suka mayar da haka ƙa'ida, domin gudun kada mai mota ya dawo da ƙorafin ƙara ko rawa.

Masu ɗaya ra'ayin suna cewa zubar da lafiyayyen faifai ɓarnar dukiya ce. Littattafan gyara na kamfanonin motoci sun fi karkata nan: a auna, a duba. Idan kaurin yana sama da iyaka da ratar da za ta kai shi ƙarshen sabon fad, babu tsagewa, babu zurfafan layuka, babu shuɗin tabo na ƙonewa, kuma birki ba ya rawa, faifan zai iya ci gaba da aiki. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya saɓa, canji ya wajaba. Duk wanda aka ce wa faifansa ya mutu yana da haƙƙin ya nemi a auna a gabansa a nuna masa lambar da ke jiki.

Abin da ba a saɓa a kansa ba shi ne, ana canza fad na hagu da na dama tare, faifai ma haka. Sabo a gefe ɗaya da tsoho a ɗaya gefen na sa mota ta karkata a lokacin da aka fi buƙatar ta tsaya a miƙe.

Saɓani na biyu: rawar sitiyari da fere faifai

Idan sitiyari ko feda na rawa a lokacin birki, abin da aka saba ji shi ne faifai ya lanƙwashe. Injiniyoyin birki suna bayyana cewa a mafi yawan lokuta ba lanƙwasa ba ce, kaurin faifan ne ya bambanta daga wuri zuwa wuri. Hakan na faruwa idan faifai bai zauna daidai a kan hob ba saboda tsatsa ko datti, ko an ɗaure notocin taya wani ya fi wani ƙarfi, sai ya riƙa taɓa fad a wuri guda a kowane juyi har wurin ya sirance. Yana kuma faruwa idan aka tsaya aka danne birki alhali ya yi zafi sosai, haɗin fad ya manne a wuri ɗaya. Kaucewar faifai a juyinsa da kamfanoni da yawa ke yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 ba, don haka ɗan ɓurɓushin tsatsa a bayan faifai ya isa ya haifar da matsala bayan 'yan watanni.

Kai faifai wurin masu injin fere ƙarfe domin a daidaita fuskarsa hanya ce karɓaɓɓiya, da sharaɗin bayan ferewar kaurin bai faɗa ƙasa da iyaka ba. Siririn faifai ba ya iya shanye zafi, yana saurin tsagewa. Kuma in ba a gyara abin da ya jawo rawar tun farko ba, za ta dawo ko da sabon faifai aka sa.

Saɓani na uku: wane kaya za a saya?

Fad iri uku ne a kasuwa. Akwai mai haɗin zaruruwa da ƙaro, wanda ba shi da ƙara amma yana saurin ƙarewa. Akwai mai garin ƙarfe da yawa, wanda ke jure zafi da nauyi amma ya fi cin faifai da yin ƙara. Akwai kuma na siramik, wato mai haɗin sinadaran tangaran, wanda ba ya baƙanta wili sosai, ba ya yawan ƙara, kuma ya fi tsada. Ga motar gida, abin da ya fi aminci shi ne irin wanda kamfanin motar ya tsara mata.

A manyan kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da Ladipo a Legas, mai saye zai tarar da sabo mai kyau, da sabo na jabu a cikin kwali mai kama da na asali, da kuma na hannu da ake kira tokumbo ko Baljiyam. Masu son na hannu suna cewa tsohon na asali ya fi sabon jabu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, musamman ga kalifa da birakit. Amma fad da faifai kaya ne da aka yi su domin su cinye, kuma mai saye bai san irin zafin da suka sha a baya ba. Idan tilas ta sa za a sayi faifai na hannu, sai an auna shi. Haɗarin jabun fad kuwa shi ne haɗin ya ɓalle daga allonsa ko ya daina kamawa da zarar ya yi zafi. Araha ba ta ado, a birki kuma tana iya cin rai.

Alama ɗaya da ke taimakawa ita ce ƙa'idar Turai mai suna ECE R90, wadda ta shar'anta cewa ƙarfin kamun fad na canji kada ya kauce wa na asali da fiye da kashi 15 cikin 100. Kayan da suka cika ta suna ɗauke da harafin E a cikin da'ira da lamba mai farawa da 90R. Masu jabu suna iya kwaikwayon tambari, don haka sanin amintaccen dila ya fi komai. Zuwa kasuwa da lambar shasi ko tsohon fad a hannu yana hana sayen wanda bai dace ba, domin samfurin mota guda yakan zo da girman birki daban-daban gwargwadon ƙasar da aka yi shi dominta.

Yadda aikin ke gudana

Kayan da ba a fara aikin sai da su sun haɗa da jak, da matokaran ƙarfe da ake ɗora mota a kansu, da sifanu masu girman da ya dace, da abin matse fistin, da buroshin ƙarfe, da ruwan feshi na wanke birki, da giris na musamman na birki, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Wanda ba shi da matokarai da wannan sifana ta awo bai shirya ba tukuna.

Ana ajiye mota a ƙasa mai tauri wadda ba ta da gangara, a bari birki ya huce, a sa giya, a tare tayoyin da ba za a ɗaga ba. A ɗan sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan a ɗaga a wurin da littafin mota ya nuna, a sauke nauyin a kan matokari. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a amince masa da riƙo. Bulon siminti yana iya rugujewa ba gargaɗi, jak a kan yashi kuma yana zamewa. Tura tayar da aka cire ƙarƙashin gefen mota ƙarin kariya ne.

Ana yin gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, domin wanda ba a kwance ba ya zama abin dubawa. Bayan an kwance ƙusoshin kalifa, sai a rataye shi da waya. Barinsa yana lilo a jikin tiyo na iya yi wa tiyon lahani daga ciki inda ido ba ya gani. Muddin kalifa na waje, kada kowa ya taka birki, domin fistin zai iya fitowa gaba ɗaya.

Tsofaffin fad suna ba da labarin lafiyar birkin. Idan na ciki ya fi na waje cinyewa sosai, ko ɗaya ya cinye a karkace, filoli sun cije ko fad ɗin ya maƙale a mazauninsa. Sai an gyara wannan, in ba haka ba sabon ma haka zai ƙare. A zaro filoli, a goge, a duba robobinsu, a shafa musu giris na birki. Giris na yau da kullum da aka yi da man fetur yana kumbura roba, ya sa fil ya cije.

Idan za a canza faifai, sai a kwance birakit, wanda ƙusoshinsa suka fi girma da tauri. Wasu motocin, kamar Honda, suna da ƙananan sukurori da ke riƙe faifai. Bayan an cire tsohon, a kankare fuskar hob har ta yi fes. Wannan mataki ne da aka fi tsallakewa, kuma shi ne tushen rawar sitiyari daga baya. Sabon faifai yakan zo da maiƙon hana tsatsa, sai an wanke shi tas.

Ana mayar da fistin ciki a hankali, ana lura da tankin man birki kada ya tumbatsa, domin man yana cin fenti. Wasu makanikai sun fi son buɗe ɗan noti na fitar da iska a lokacin, domin tsohon mai ya fita waje maimakon ya koma cikin na'urar ABS, wato na'urar da ke hana taya ƙullewa. Dabarar tana da kyau, amma a hannun wanda bai ƙware ba tana iya shigar da iska. A tayoyin baya na motoci irin su Volkswagen Golf da Honda Accord da yawa, inda birkin hannu ke aiki ta cikin kalifa, ba a tura fistin kai-tsaye, murɗa shi ake yi yana shiga. Danne shi da ƙarfi yana lalata shi.

Daga nan a sa sababbin fad, kowanne a gefensa, kada maiƙo ko kaɗan ya taɓa fuskarsu ko ta faifai. A ɗaure kowace ƙusa da ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Notocin taya ana ɗaure su ne a tsallake, wannan sai wanda ke fuskantarsa, ba a jere ba. A yawancin Corolla da Camry ƙarfin ɗaurinsu niyuton-mita 103 ne, a yawancin Accord da Civic kuma 108. Hawa kan sifana da ƙafa ya zarce wannan nesa ba kusa ba.

Mataki na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci: kafin mota ta motsa, a taka birki sau da yawa har feda ya yi tauri. Fistin da aka mayar ciki yana nesa da fad, don haka takun farko zai tafi har ƙasa babu birki. Sannan a duba matakin mai, a gwada a hankali a wurin da babu mutane. Sabon fad yana buƙatar ya saba da faifai, ta hanyar rage gudu daga kusan kilomita 50 ko 60 zuwa 10 sau da yawa ba tare da tsayawa cak ba, da kauce wa birki mai tsanani a kilomita 200 zuwa 300 na farko in ba dole ba.

Man birki da ƙura

Yayin da fad ke cinyewa, fistin na ƙara fitowa, mai na cike gurbinsa, sai matakinsa a tanki ya ɗan sauka a hankali. Wannan alama ce ta a duba fad, ba ta a yi ta ƙara mai kawai ba. Saukar gaggawa kuwa yoyo ne, kuma motar da ke yoyon man birki ba ta hawa titi.

Man birki yana shan danshi daga iska. Sabon mai nau'in DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 kuma 230, amma idan suka sha ruwa iyakar na saukowa zuwa 140 da 155. Idan mai ya tafasa, tururi ne ke cika bututu, feda ya nutse, a ce birki ya ƙwace. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara biyu ko uku. Nau'in da ya dace yana rubuce a murfin tanki, kuma DOT 5 ba ya haɗuwa da sauran. Zuba ruwan sabulu a madadin mai, ko toshe bututun taya ɗaya don a tsayar da yoyo, kasada ce da rayukan fasinja da masu tafiya a ƙasa.

Ƙurar birki ma abin kiyayewa ce. An daɗe ana sa ma'adinin asbesto a haɗin birki saboda jure zafi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa kowane nau'insa na jawo cutar daji, wadda kan bayyana bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta haramta shi a 2005, amma ba kowace ƙasa mai ƙera kayan gyara ce ta yi haka ba, kuma ido ba ya gane fad ɗin da ke ɗauke da shi. Don haka ba a hure ƙurar da baki ko da iskar famfo. A jiƙa ta da ruwan feshi, a goge da tsumma, a sa takunkumi, a nesanta yara daga wurin.

Inda aikin gida ya tsaya

Motoci masu birkin hannu na maɓalli suna buƙatar a sa su a yanayin gyara, sau da yawa da na'urar kwamfuta, kafin a taɓa na baya. Wasu motoci masu haɗa fetur da lantarki, irin su Toyota Prius, suna iya matsa birki da kansu ko injin na kashe. Fistin da ya cije, da yoyo, da fitilar ABS da ta ƙi mutuwa, da fedan da ya ƙi yin tauri bayan an gama, duk ayyukan ƙwararre ne. A irin wannan hali bakanike ake kira ya zo inda motar take, ba a tuƙa ta zuwa wurinsa.

Abin da zai biyo baya

Idan masu motoci suka fahimci wannan aiki, amfanin farko shi ne za a riƙa duba birki da wuri, kafin fad ya cinye faifai kuɗin gyara ya ninka. Na biyu, ciniki tsakanin mai mota da bakanike zai koma kan lamba maimakon zato, wanda hakan kariya ce ga bakanike mai gaskiya shi ma. Haɗarin kuwa shi ne mutane su shiga aikin da rabin sani da rabin kaya. Lalacewar birki na cikin dalilan haɗurra da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke lissafawa a rahotanninta, kuma kuskuren mutum ɗaya a ƙofar gidansa yana iya faɗawa kan wanda bai ji ba bai gani ba.

Wanda ke da kayan aiki cikakku da littafin motarsa da haƙurin bin mataki-mataki zai iya canza fad da faifan gaba na mota mai sauƙin tsari, kuma ya fi kyau a karon farko ya yi a gaban wanda ya iya. Wanda ba shi da su, ya kai wa bakanike, amma ya tsaya a wurin: ya ga kwalin kayan da za a sa, ya nemi a auna faifai, ya tabbatar an goge hob an shafa wa filoli giris ɗin da ya dace, kuma kada ya karɓi makulli sai an taka birki ya yi tauri an gwada shi a gabansa.